Gurbin Auta

A layin masu gyaran firiji, saman shagon mai sayar da tayil, akwai wani dogon ɗaki da a da ake tara katifu a ciki. Nan Biyar-Shida yake tsara rawa, yau shekara ashirin da uku. Bakinsa ne ya jawo masa laƙabin. Ba ya iya fara komai sai ya ce "biyar, shida, bakwai, takwas," ko da titi zai tsallaka, ko shayi zai kai baki. Masu rawarsa kuwa Kawu suke ce masa, har waɗanda suka kusa sa'anninsa.

Ba irin rawar gidan biki ba ce, kada ma mutum ya hau benen da wannan tunani. Mai tayil ya taɓa hawowa ya leƙa, ya tarar da manyan mutane shida suna rarrafe a ƙasa a hankali, babu kiɗa babu tafi, ya tambaya ko ɗan kunnen wata ne ya faɗi. Kawu bai ji haushi ba. Ya ce masa ya sake yin yadda ya leƙo ɗin nan, wuya a gaba, gindi a baya, ya ɗauko littafinsa ya zana. Har gobe leƙen mai tayil yana cikin wata rawa, kuma an tafa masa a manyan ɗakunan wasa shi bai sani ba.

Haka yake aikinsa. Asalinsa tela ne, kuma a wajen awo ya fara lura cewa babu mutum biyu da suke ɗaga hannu iri ɗaya. Da safe yakan zauna a tashar mota da littafi mai baƙin bango, yana satar motsin mutane: mace tana juya goyo daga wannan kwiɓi zuwa wancan, mutumin da mota ta tashi ta bar shi yana yi kamar dama ba ita yake jira ba, ɗan dako da ya sauke buhu amma wuyansa bai samu labari ba. Da yamma sai ya kawo wa masu rawa, waɗanda suke zuwa bayan sun tashi daga aiki, ya sa su maimaita abu ɗaya har gumi ya jiƙa riguna.

"Kada ku yi mini kwaikwayo," yakan ce. "Ba matar nake so ba. Nauyin nake so."

Ɗakin ba shi da wani abin gani. Madubai huɗu ne a jikin bango, an saye su daga wani shagon aski da ya rufe, kuma ba tsayinsu ɗaya ba. Akwai fanka mai kuka, da wani tebur na katako mai ƙarfi a tsakiya. A ƙasa an manna salatif ja, alamar inda kowa zai tsaya a farkon rawar da ta yi masa suna, wadda ya kira Sauke Kaya. Alamun bakwai ne. Masu rawar shida ne.

Duk sabon da ya zo sai ya tambaya, kuma amsar ba ta canzawa: "Gurbin Auta ne, a kewaye shi." To, sai a kewaye. Masu rawa sun zo sun tafi, wasu aure ya ɗauke su, wasu gwiwa, har ya zamana babu ko ɗaya a cikin shidan da ya taɓa ganin Auta tana rawa. Amma duk da haka suna ratse mata hanya, suna miƙa hannu su riƙe kugun da babu, suna sunkuyawa don kada gwiwar hannunta ta buge su. Ko shara suke yi, tsintsiya ba ta bi ta kan jan salatif ɗin. Idan ya tsufa ya fara ɓanɓarewa, Kawu da kansa yake durƙusawa ya sabunta shi.

Auta ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ce ta fara yarda da haukarsa lokacin da gida duka suke cewa ya bar keken ɗinki ya koma tsalle-tsalle. Ita ba ya zana mata komai a littafi. Sai dai ya ba ta ƙirga, ya ce daga nan zuwa nan naki ne, ita kuma ta cika wurin da abin da jikinta ya ga dama. A ƙarshen Sauke Kaya takan hau teburin nan, ta juya baya, ta saki jiki ta faɗo ta baya ba tare da ta waiga ba, sauran su tare ta. A kan bakwai take faɗowa. Wata huɗu suna yin haka, ko sau ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba.

Ranar da za su fara nuna rawar, da safe, 'yar Auta mai shekara biyu ta tashi da zazzaɓi, Auta ta kai ta asibiti. Kawu yana gwajin ƙarshe da mutum shida, sai wata dabara ta faɗo masa, irin wadda take zuwa wa mai tsara rawa a lokacin da ba a gayyace ta ba. Ya ga zai fi kyau masu taryar su yi juyi ɗaya kafin su iso bayan tebur. Juyi ɗaya, ƙirga ɗaya. Maimakon bakwai, za su iso a takwas. Suka gwada, ya yi kyau ƙwarai. Ya ce shi zai gaya wa Auta in ta zo. Ta zo a gurguje ana saura kaɗan a buɗe labule, shi kuma yana faɗa da mai fitilu. Ya tambaye ta jikin yarinya, ta ce da sauƙi, ya ce maza ta sa kaya.

Ta faɗo a kan bakwai, daidai kamar yadda aka koya mata. Babu kowa a wurin.

Wannan mantuwa ce, kuma mantuwa tana samun kowa. Abin da ya biyo baya shi ne ba mantuwa ba. Kwana uku bayan nan, a asibiti, da ta farfaɗo sosai, ƙashin bayanta a tsage, kanta a ɗaure, ta dube shi ta ce, "Yaya, ba a bakwai ba ne?"

Mijinta yana tsaye a gefe, uwarsu tana zaune a bakin gado. Kawu ya ji bakinsa yana cewa, "An mayar da shi takwas, Auta. Na gaya miki a bakin ƙofa."

Ta yi ta neman abin a cikin kanta da ya bugu. Sannan ta ce, "To, ni ce na manta." Ba ta taɓa shakkar ƙirgar yayanta ba. Sauran shidan ma sun ɗauka ya gaya mata, don haka babu mai ƙaryata shi a duniya.

Auta ta tashi, amma da sanda. Ta buɗe ɗan shagon zare da maɓallai, ba ta sake hawa benen nan ba. Kawu yakan je gidanta duk ƙarshen mako, ta yi masa dariya, ta tsokane shi da furfura, ta ce har yanzu yana sa 'ya'yan mutane birgima. Sau da yawa ya buɗe baki zai faɗa, sai ta miƙo masa kofi, maganar ta koma ciki. Rawar kuwa ta ci gaba da mutum shida, da juyin da komai, mutane suna yaba gurbin da aka bari. Wani mai rubutu a jarida har ya ce hikimar rawar duk tana wurin. Kawu ya karɓi yabon, ya yi godiya. Amma duk lokacin da aka zo ƙarshe, shi kaɗai yake jin ƙarar a kan bakwai, tim, sannan hannuwa goma sha biyu su iso a takwas su tari iska. Kuma akwai inda madubai biyu suka haɗu a karkace, in masu rawa suka gifta ta wurin da sauri sai ya ga kamar su bakwai ne. Ya san madubi ne. Sanin bai taɓa hana gabansa faɗuwa ba.

Bara da damina Auta ta rasu, ciwon ƙoda. Shekara goma sha tara ya samu, bai faɗa ba.

Wata bakwai bayan rasuwar, wata yamma suna tsakiyar gwaji, aka yi sallama a bakin ƙofa. Kawu ya waiga, littafin ya suɓuce daga hannunsa. 'Yar Auta ce, wadda a gida ake kira Hoto saboda kamar da take yi da uwarta, tana sanye da fararen kayan makarantar koyon jinya, takalmanta a hannu.

"Kawu, ina yini. Na zo ka koya mini na Mama."

"Na Mama wanne?"

Ta nuna jan salatif na bakwai da haɓa. Ko nunin ma irin na uwarta ne.

Ya yi ta kame-kame. Ya ce karatu ya fi, ta ce tana tashi ƙarfe uku. Ya ce rawar tana son ƙarfi, ta ce ita take ɗaga marasa lafiya daga gado, kuma tun tana firamare take rawa a ɓoye. A ƙarshe ya buɗe mata littafin, ya nuna mata shafin Auta fari fat, sai lambobi a gefe. Ya ce bai rubuta ba, ba a ɗauki hoton bidiyo ba, shi kuma ya manta. Wannan ma rabin gaskiya ce. Tun ranar ya hana kansa tunawa, har abin ya yi fushi ya tafi.

Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa a cikin shidan, direban motar makaranta ne mai yawan surutu, ya ce, "Kawu, ai ba sai an rubuta ba. Ta tsaya a wurin kawai. Hannuwanmu sun san inda take."

Haka aka yi. Hoto ta tsaya a kan salatif, aka fara. Da farko ta yi ta cin karo da mutane, Dogo ya taka mata ƙafa sau biyu, ya ce shekara tara yana rawa da uwarta ba ta taɓa kai ƙararsa ba. Aka yi dariya, dariyar ta mutu da wuri. A hankali ta gane cewa in hannu ya miƙo a nan, kugu yake nema. In mutum biyu suka rabu, hanya suke ba ta. In suka sunkuya gaba ɗaya, to hannunta ne ya kamata ya wuce ta samansu. Kullum sai a samo ɗan guntu. Kawu yana zaune a kan kujerarsa, yana kallon ƙanwarsa tana fitowa daga cikin ramin da ya bari, gaɓa bayan gaɓa, kuma tsoro yake ji, tsoro na gaske. Ya san inda hanyar za ta ƙare. Sati uku yana tsayar da gwaji kafin a kai tebur, yau ya ce fanka ta dame shi, gobe ya ce kafaɗun Dogo ba su yi masa ba.

Wata rana sauran sun tafi, Hoto tana ɗaure igiyar takalmi, ta ce, "Ka san har Mama ta rasu tana ƙirga?"

"Ƙirga me?"

"Komai. Matakala, maɓallai, ninkin kaya. In ta kai bakwai sai hannunta ya tsaya cak. Sai ta ce wa kanta, takwas, sakarya, takwas. A hankali take faɗa, ta ɗauka ba na ji." Ta ja igiyar ta ɗaure. "Ta ce mini ita ta ɓata maka rawarka ranar farko, kuma ko sau ɗaya ba ka goranta mata ba. Ta ce irin yayanta ba a samu sau biyu. Shi ya sa na zo, Kawu. So nake in yi mata shi daidai, ko sau ɗaya ne."

Kawu ya ce Allah ya ji ƙanta. Da ta sauka, ya tsaya a taga yana kallonta tana ratsa tsakanin tsofaffin firiji da aka jera a bakin titi, kunya ta kama shi irin wadda ba ta barin mutum ya zauna.

Washegari uzuri ya ƙare. Aka kai ƙarshen rawar, Hoto ta dafa teburin ta hau, ta juya baya. Rana tana shigowa ta taga, ta haska ƙeyarta, wadda ba ta da bambanci da ta uwarta. Shidan suka ja da baya zuwa inda za su taso.

"Takwas ko, Kawu?" ta tambaya ba tare da ta waiga ba.

Da ya ce e, da an wuce wurin. Za su iso a takwas, su tare ta lafiya, ta sauko tana murna ta biya wa uwarta. Babu wanda zai taɓa sani. Fanka tana ta kukanta, a ƙasa mai tayil yana jan kwali.

"Bakwai ne," ya ce.

"Mama ta ce takwas."

"Mamarki ba ta yi kuskure ba. A bakwai aka koya mata, a bakwai ta faɗo. Ni na canza da safe, tana asibiti da ke. Na ce zan gaya mata, ban gaya mata ba." Ya ajiye littafinsa. "Da ta tambaye ni, na ce na gaya mata. Ƙarya na yi."

Dogo, da ba a taɓa ganin bakinsa a rufe ba, ya sunkuyar da kai yana kallon tafin hannunsa. Hoto ta daɗe a tsaye a kan teburin, bayanta yana hawa yana sauka. Sannan ta zauna a bakinsa, ta zuro ƙafafu ta sauko a hankali, ta ɗauki jakarta.

"Shekara goma sha tara," ta ce. "Kana zuwa kana shan shayinta."

Ta fita da takalma a hannu, kamar yadda ta shigo ranar farko.

Kwana biyu babu wanda ya hau benen sai shi. A rana ta uku Dogo ya zo, bai ce masa Kawu ba wajen gaisuwa, ya dai cire riga ya fara miƙa jiki. Sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya buɗe littafin, ya nemo juyin nan da ya yi kyau ƙwarai, ya soke shi da biro har takardar ta huje. Cire shi daga jikin mutane ya fi wuya. Ƙafafunsu sun saba, suna kai shida sai su fara juyawa da kansu. Ya sa su maimaita sau talatin, sau arba'in, ba ya faɗa ba ya tsokana, har suka iya tahowa kai tsaye.

A rana ta goma sha ɗaya, suna cikin yi, ya ga Hoto a madubi tana tsaye a bakin ƙofa. Wannan karon ba karkacewar madubi ba ce. Bai tsayar da gwajin ba. Ya ƙirga, shidan suka taho, a kan bakwai hannuwa goma sha biyu suka shimfiɗu a bayan teburin da babu kowa a kai.

Hoto ta daɗe tana kallon hannuwan.

"Da sun tare ta," ta ce.

"Da sun tare ta."

Ta ajiye jakarta a jikin bango. "Kada ka ɗauka na yafe, Kawu. Ba ni ce mai yafewar ba, kuma mai yafewar ka bar ta ta tafi." Ta cire takalma. "Tashi daga kujerar nan. Kai ma a baya za ka tsaya."

Ya tashi. Gwiwoyinsa sun daɗe da yin ritaya, amma ya je ya shiga tsakanin Dogo da wata malamar makaranta, suka matsa masa. Bai taɓa tsayawa a nan ba. Daga kujera teburin gajere ne, daga nan kuwa sai ya ga tsayinsa, ya ga nisan da ke tsakaninsa da siminti. Hoto ta hau, ta juya baya.

"Ƙirga," ta ce.

Ya fara daga ɗaya. Suka taso tare, yana jan ƙafa a tsakiyarsu. Huɗu. Biyar. Shida. Mutumin da ya shekara ashirin da uku yana ƙirga wa duniya, nan bakinsa ya ƙi buɗewa.

"Bakwai," in ji Hoto da ƙarfi, ta saki jiki.

Kanta ne ya faɗo a hannunsa, da ɗumi da gumi da nauyi. Ya riƙe. Sauran suka sauke ƙafafunta a ƙasa, suka ja da baya, shi bai saki ba, sai da ta ce, "Kawu, ya isa, kana ja mini gashi."